Kafin a Zargi Madubin Bindiga, a Duba Mazauninsa

Mai bindiga zai saita madubinsa na hangen nesa yau, gobe harsashi ya kauce dama, jibi ya yi ƙasa. Sai ya ce madubin ne jabu, ya sayo wani, matsalar kuwa tana nan daram. Sau da yawa madubin lafiyarsa lau. Ciwon yana ƙarƙashinsa, wato a mazaunin da aka ɗaure a bayan bindiga da zobba biyun da ke riƙe da shi. Da masu lasisi nake magana, da masu bindigar iska, da masu kula da ɗakin makamai, domin dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ba ta yarda a riƙe bindiga babu izini ba.

Ga lissafin da ya kamata kowa ya riƙe. Idan tsakanin zobe da zobe milimita 100 ne, kuma na baya ya fi na gaba tudu da milimita 0.1 kacal, kaurin takarda guda ke nan, to a nisan mita 100 harsashi zai kauce da santimita 10. Ido ba ya ganin wannan kuskure, amma allon gwaji zai nuna shi. Shi ya sa nake damuwa da ingancin yankan ƙarfe fiye da sunan kamfanin da ke jikin kwali.

Mazaunai ba iri ɗaya ba ne. Picatinny, wanda sojan Amurka suka tsayar da ma'auninsa a 1995, faɗin kowane tsagi nasa milimita 5.23 ne, kuma daga tsakiyar tsagi zuwa tsakiyar na gaba milimita 10.01. Weaver ya yi kama da shi, sai dai tsaginsa milimita 4.57 ne, tazarar kuma ba ta da ƙa'ida ɗaya. Saboda haka zoben Weaver yakan hau Picatinny, amma na Picatinny ba ya shiga Weaver. Bindigogin iska kuwa galibi tsagi biyu ne a bayansu masu tazarar milimita 11 a tsakaninsu. Haka zobba: akwai na inci ɗaya, wato milimita 25.4, akwai na 30, akwai na 34. Ɗan ƙaramin ma'aunin kalifa, mai auna kauri da faɗi, irin wanda ake samu wajen masu kayan aiki a Sabon Gari zai raba wannan gardama cikin minti guda.

Gwajin da na fi so mai sauƙi ne. Bayan an tabbatar babu harsashi a ciki, a goge bayan bindigar da ramukan noti da sifirit har maiƙo ya fita. A ɗora mazaunin, a ɗaure notunan gaba kawai, sannan a ɗaga a kalli haske ta ƙarƙashin bayansa. In haske ya ratsa, ko takarda ta zurma, fuskokin biyu ba su haɗu ba. A kwance, a ɗaure na baya kawai, a duba gaba. Wanda ya ga wannan giɓi ya danne shi da ƙarfin noti, ya lanƙwasa mazaunin ne, shi kuma zai karkatar da zobba, zobba su matse bututun madubi. Daga nan sai maɓallin saiti ya fara tauri, in an cire madubin a ga sawun cizo a jikinsa. Gyaran shi ne a cike giɓin da ɗan gam mai haɗi biyu, bayan an shafa man takalmi a jikin bindigar da notuna don kada su manne, a ɗaura sama-sama, a bar shi ya kwana.

Noti ma yana da nasa sharri. Mafi yawa sirara ne masu zare ƙanana, 6-48 ko 8-40 a ma'aunin Amurka, kuma notin milimita na kasuwa ba ya maye gurbinsu ko da ya fara shiga. Juyi biyu zai cinye zaren. Notin gaba in ya yi tsawo yakan tokari ƙasan rami, hannu ya ji ya ɗauru alhali mazaunin na girgiza. A gwada kowanne shi kaɗai. Ɗigo ɗaya na gam ɗin riƙe noti, Loctite shuɗi, lamba 242 ko 243, ya wadatar a notunan mazauni. Jan kuwa sai da wuta yake kwancuwa, a bar shi.

Ɗaurin murfin zobba yawanci tsakanin 1.7 ne da 2 a ma'aunin ƙarfin murɗi na Nm, sai in kamfanin ya faɗi wani abu daban. Wannan ɗauri ne na yatsu biyu a gajeren ɓangaren alanki, ba irin na makanikin taya ba. A bi notunan ɗaya bayan ɗaya a gicciye, giɓin hagu da na dama su zo daidai. Kafin a ɗaure zobe a kan mazauni, a tura shi gaba har sandarsa ta ƙasa mai shiga tsagi ta jingina da bangon tsagi, domin can bugun bindiga zai kai shi ko an ƙi ko an so. Bindigar iska mai sifirin tana bugu gaba da baya, don haka madubinta yakan ja baya a hankali. Tana buƙatar zobe mai ɗan fegi da ke shiga ramin da aka tanada.

Huda sababbin ramuka da injin hannu ko taɓa wurin da walda, wannan ɓarna ce. Rami huɗu in ba su hau layi ɗaya da bututu ba, saitin gefe zai ƙare kafin harsashi ya zo tsakiya.

Sai yanayinmu na Zariya. Ƙurar hunturu tana cika kan noti, alanki ya kasa nutsewa, ya zame ya kwashe kan. A tsokale ta da tsinke tukuna. Da damina kuma laima takan kwanta tsakanin mazauni da bindiga, tsatsa ta ci a ɓoye. A shafa mai kaɗan a fuskar da suka haɗu, ban da cikin ramuka. In an gama, a ja ɗan layi da alƙalamin maka daga kan kowane noti zuwa jikin zobe, ranar da layin ya rabu biyu an san wanda ya saki.