Zomo a bakin bindigar barewa: abin da ya kamata ka sani kafin ka ja kunama

A jihohin Amurka da dama ana ware wasu kwanaki na kaka ko hunturu domin farautar barewa da bindigar toka kaɗai, wato wadda ake ɗura wa albarushi da dalma ta baki. Maharbi yakan wuni a gindin itace barewa ba ta gifta ba, zomo kuwa na zaune yadi goma sha biyar daga gabansa yana motsa hanci. Harbinsa mai yiwuwa ne. Sai dai bindigar nan harbi ɗaya gare ta, kuma abin da ka ɗura mata da asuba shi ne zai fita, ba ka da damar sauya shi cikin minti guda. Duk wahalar wannan farauta a nan take.

Fara da doka, domin ita ce ke saurin jefa mutum a tara. Kowace jiha da nata tsarin. Takardar izinin barewa daban, izinin ƙananan namun daji daban a wurare da yawa, kuma akwai jihohin da ke rufe farautar zomo gaba ɗaya a kwanakin harbin barewa da bindiga. Faɗin bututu ma yana da ƙa'ida. A Pensilbaniya, wadda ta shahara da lokacin farauta da bindiga mai dutsen ƙyastu bayan Kirsimeti, doguwar bindigar toka ta barewa sai kaliba (faɗin cikin bututu a ma'aunin inci) .44 zuwa sama, ta ƙananan namun daji kuwa .40 zuwa ƙasa. Ka ga ke nan a can bindiga guda mai tsaga a cikin bututu ba za ta yi maka aiki biyu ba. A Kalifoniya kuma tun 2019 an hana farauta da harsashin dalma kwata-kwata. Ɗauki littafin dokokin jiharka na wannan shekarar ka duba, kar ka dogara da na bara, kuma rigar nan mai launin lemo mai ƙyalli da ake wajabta wa masu farautar barewa kar ka cire ta don ka koma neman zomo.

Idan doka ta ba ka hanya, sai batun ɗuri. Ana lissafa albarushi da giren (ɗan ƙaramin ma'auni, kusan 15 ke yin giram ɗaya), a kuma auna shi da mudun awo na tagulla, wato da cika ba da nauyi ba. Bindiga kaliba .50 da aka shirya wa barewa takan ɗauki giren 70 zuwa 100 na albarushi mai lamba FFg (lambar girman ƙwayarsa), da ƙwallon dalma mai faɗin inci .490, nauyinsa kusan giren 177, a naɗe cikin ƙyalle mai maiƙo wanda kaurinsa ke tsakanin inci .010 da .018. Zomon da aka fi samu a gabashin ƙasar, mai farar wutsiya kamar curin auduga, da kyar yake wuce kilo ɗaya da rabi. Idan wannan ƙwallo ya same shi a kafaɗa, gaban ya tafi. Idan a ciki ne, hanji ya watsu a kan naman cinya. Masu bindigar toka ta zamani da ke harba harsashi mai buɗewa a cikin kwanson roba, nasu ɓarnar ta fi haka. Da ɗurin barewa wuri ɗaya kawai ake harbi, shi ne kai, kuma zomon yana zaune. Wanda ya zabura ka bar shi ya tafi.

Kan zomo bai kai girman ƙwan kaza biyu ba, kuma a nan ne mutane ke kuskure ba su san dalili ba. Bindigar barewa akan saita ta a yadi 50, 75 ko 100. Layin gani yana sama da layin bututu, musamman idan akwai madubin saiti, wanda yakan zauna kusan inci ɗaya da rabi a sama. A yadi goma harsashi bai gama hawa ya haɗu da layin gani ba, don haka zai sauka ƙasa da inda ka auna, wani lokaci da inci guda ko fiye. Ka auna ido, ka sami wuya ko ƙirji. Maganinsa a filin gwaji yake: zana da'ira mai faɗin inci ɗaya da rabi a kwali, ka harba a yadi 10, 15 da 25 da ainihin ɗurin da za ka fita da shi, ka rubuta inda kowane ya faɗa. Nisan da ka kasa saka harbi uku a jere cikin da'irar, ya fi ƙarfinka, ko da zomon ya yi maka zaman sarki.

Wanda ya riga ya harbi adadin barewar da takardar izininsa ta ba shi, ko ya yanke shawarar cewa yau ta zomo ce, ya fi dacewa ya rage ɗuri tun daga mota. A kaliba .50 da ƙwallo mai ƙyalle, giren 25 zuwa 35 na FFFg ya isa. Ƙara ta ragu, hayaƙi ya ragu, dukan kafaɗa kusan babu. Ƙwayar FFFg ta fi ta FFg laushi, tana saurin kamawa, shi ya sa ta fi dacewa da ƙaramin ɗuri. Amma wurin faɗuwar harsashi zai sauya, sai an sake gwaji. Murɗawar tsagar cikin bututu ma tana da tasiri: mai juyi ɗaya a inci 66 an yi ta ne domin ƙwallo, mai inci 48 tana ɗaukar duka biyu, mai saurin murɗawa ta inci 28 kuwa domin dogon harsashi aka yi ta. Abin mamaki, wannan ta ƙarshen takan harba ƙwallo daidai idan ɗurin ƙarami ne, da zarar an ƙara albarushi sai ƙyallen ya yage, ƙwallo ya kama gabansa. Tsinci ƙyallen da ka harba, yakan faɗi 'yan taku a gabanka. Idan ka ga tsakiyarsa ta yi baƙi amma bai huje ba, lafiya lau. Idan ya ƙone ko ya yi rami, ƙara kauri ko maiƙo.

Masu amfani da albarushin da aka curo kamar ƙwayar magani, irin na Pyrodex ko Triple Seven mai giren 50 kowace ɗaya, ba su da wannan sauƙin. Kar a fasa ƙwayar don a rage ta. A sayi na gari a auna. Albarushin Blackhorn 209 kuma yana son harsashi mai matsewa da wuta mai ƙarfi ta lamba 209, bai dace da bindiga mai ƙyastu ko mai 'yar hular tartsatsi (wadda ke fashewa ta kunna albarushi) lamba 11 ba. Albarushin harsasan zamani marar hayaƙi kuwa ko ƙwaya ɗaya kar ya shiga bindigar toka da ba a ƙera domin sa ba, yana fasa bututu.

Haɗari mafi girma wajen ƙaramin ɗuri shi ne barin fili tsakanin albarushi da ƙwallo. Albarushin kaɗan ne, don haka sandar ɗuri za ta nutse fiye da yadda hannunka ya saba. Idan ka tsaya a tsohuwar alamar ɗurin barewa, ka bar iska a tsakani, kuma hakan na iya kumbura bututu ko ya tsaga shi. Yi alama biyu a jikin sanda, ɗaya ta ɗurin barewa, ɗaya ta zomo, da ta uku ta bututu fanko idan kana so ka huta da shakka. Ita ce kuma za ta gaya maka idan ka yi ɗuri biyu a kan juna, abin da ke faruwa idan aka yi wa mutum magana yana tsakiyar aiki.

Akwai kuma kishiyar wannan matsala: ka fita da ɗurin zomo, sai ga barewa. Giren 30 ba ɗurin barewa ba ne, rauni kawai zai yi mata ta je ta mutu a inda ba za ka same ta ba. Taura biyu ba ta taunuwa. Ko dai ka riƙe ɗurin barewa ka yarda da harbin kai kawai, ko ka ɗura na zomo ka haƙura da barewa a wannan fitar. A ganina, ga mai jiran barewa da gaske, harbin zomo da safe asara ce: ƙarar ta tashi dajin, ƙaurin kibiritu ya tsaya a wurin, ga motsin sake ɗuri na minti ɗaya ko biyu. Bari sai tsakar rana kana komawa, ko ranar ƙarshe.

Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, amma mai bindigar toka sanɗa yake ci. Bi gefen gona, tarin rassan da aka sare, ƙaya da tsohon shinge. Taku biyar ko shida, ka tsaya rabin minti. Kar ka nemi zomo gaba ɗayansa, launinsa ya saje da busasshiyar ciyawa. Nemi baƙin idon nan mai sheƙi, zagayayye, a cikin sarƙaƙiya. Washegarin zubar dusar ƙanƙara sawu zai kai ka har maɓoyarsa. Duba bayansa kafin ka harba, domin ƙwallon dalma kan yi tsalle daga daskararriyar ƙasa, dutse ko ruwa, kuma a lokacin barewa daji cike yake da mutane, wasu a ƙasa, wasu a kan itace.

Bayan harbi, zura ƙyalle mai ɗan danshi sau ɗaya, ka bi da busasshe. Yana kashe ragowar garwashi, yana kuma rage dattin da ke sa ƙwallo na biyu ya maƙale a rabin hanya. Zuba albarushi daga mudun awo, kar daga gorar ajiya kai tsaye, kuma fuskarka da yatsunka su kauce wa bakin bututu. Hular tartsatsi ita ce ta ƙarshe, sai ka gama komai. Idan ka ja kunama hula ta fashe bindiga ba ta tashi ba, riƙe ta a saiti aƙalla minti ɗaya. Danshi ko mai a ƙofar wuta kan sa ta tashi a makare. Fasa hula biyu a bututu fanko kafin ɗurin farko yana busar da wannan mai.

Mai bindiga marar tsaga a ciki, irin mai lamba 20, shi ne ya fi kowa more zomo mai gudu: giren 60 zuwa 70 na FFg, kwali mai kauri a kai, ƙananan ƙwayoyin dalma lamba 5 ko 6 cikin mudun awo guda da na albarushin, sai siririn kwali ya rufe. Zuwa yadi 25 yana aiki. A bututu mai tsaga kuwa ƙwayoyin juyawa suke yi su watse kamar zobe, tsakiya fayau.

Sa safar hannu wajen fiɗa. Zomayen daji kan ɗauki cutar tularemiya, wadda aka raɗa wa suna daga yankin Tulare na Kalifoniya, kuma tana shiga ta ƙaramin yanka a fata. Hanta ko saifa mai fararen ɗigo-ɗigo, ko zomon da ka tarar a galabaice bai damu da kai ba, kar ka ci. Fitar da kayan ciki nan take, yanke duk inda dalma ta ratsa, a dafa naman har cikinsa ya kai digiri 71 a ma'aunin Salsiyos.

Bindigar da aka harba ko sau ɗaya ce sai an wanke ta a daren. Tokar albarushi tana jan danshi, zuwa safe tsatsa ta fara. Ruwan ɗumi da ɗan sabulu, ƙyalle bayan ƙyalle har ya fito fari, a busar sarai, a shafa mai kaɗan. Idan akwai ɗurin da ya rage a ciki, a zare shi da ƙugiyar da ake murɗawa a bakin sanda ko a tura shi da iskar gas, masu marfin gindi mai kwancewa kuma su kwance su turo shi ta baya.