Kawu ya cinye ni a dara

Talata. Hazo tun asuba, daga wannan bakin gadar Kennedy ta Yamai ba a hangen unguwar Harobanda da ke ƙetaren kogi. An ɗauke wuta ƙarfe goma, ba a maido ba sai bayan la'asar.

Asabar ce ranar da zan yi wa yaran kulob ɗin kimiyya bayanin sadarwar kwantum, wato aika saƙon sirri ta ƙwayoyin haske, kwana uku ke nan ina neman misalin da zai zauna musu a kai. Yau na zaci na samu, a gindin dogon yaro, wurin darar su Kawu.

Na tsuguna na tona gurbi biyu a ƙasa. Na ce, Kawu, ku dubi nan. Ƙwayar haske guda ake aikawa da saƙo, ko ta faɗa wannan gurbi ko wancan, shi ake ce wa kiyubit. Tun 1984 Bennett da Brassard suka tsara yadda mutum biyu za su haɗa makullin sirri ta haka, ɓarawon da ya leƙa kuwa dole ya dagula ƙwayar, a gane an taɓa. Sai dai hanya ma tana dagulawa, da iska da hasken rana da injin kansa. In kuskure ya haura kusan 11 cikin 100, ba a iya raba aikin ɓarawo da aikin hanya, sai a zubar da makullin.

Sannan na nuna masa darar tasu, gurbi talatin. Na ce yanzu masana suna ba ƙwayar gurabe da yawa, ta hanyar murɗa hasken kamar igiya ko yanka lokacin isowarsa gida-gida. Ƙwaya ɗaya ta ɗauki saƙo mai yawa, tarkacen hanya ya watsu ko'ina, na gaskiya ya taru wuri guda. Ɓarawo ma ya fi saurin tonuwa: a gurbi biyu kuskurensa 25 cikin 100 ne, a huɗu ya wuce 37. A Ottawa ta Kanada an gwada da gurbi huɗu a 2017, tsakanin rufin gini biyu, mita 300 cikin iska. Kuskure ya kai 11, amma da yake iyakar gurbi huɗu wajen 19 ce, makullin ya tsira.

Ina ta jin daɗin kaina, har Auta ya bar fifita gawayin shayi yana saurare.

Kawu bai ɗago ba. Ya tura kara ɗaya, ya ci na abokin wasansa, sannan ya ce, "Malam, gurabenka biyu taku ɗaya ne tsakaninsu. Namu talatin ɗin nan a manne suke. In iska ta taso, wanne ke fara cikewa ya haɗe da maƙwabcinsa?"

Na ce ai ba haka lissafin yake ba.

Ya ce, "To."

Wannan "to" ɗin ce ta hana ni sakat har yanzu. Don gaskiyarsa ce. Murɗaɗɗen haske ba ya son iska mai motsi, zafi na tashi daga ƙasa sai siffofin su shiga juna, na uku ya zo kamar na huɗu. Wayar gilashin da ke kawo mana intanet ma siffa ɗaya aka yi ta ta ɗauka, shi ya sa wasu suka fi son yanka lokaci. Kuma kowane gurbi da ka ƙara, sai ka ƙara kayan awo masu tsada. Duk na san wannan, na karanta, amma na ɓoye shi don misalina ya yi kyau. Tsoho mai dara ya zaƙulo shi cikin minti ɗaya, a gaban Auta.

Da dare na kira Inna a Tawa. Layi na yankewa, na tambaye ta ko kuɗin sun iso, abin da na ji tsakanin "i" ne da "a'a". Sau uku ina maimaitawa. Daga ƙarshe ta ce, "Sun zo, na sayi gero," sai na gane.

Kopto ya yi yaji da yawa. Takardun jarrabawa arba'in da biyu suna kan tabarma, ban taɓa ko ɗaya ba.

Na goge shafi biyu na bayanin Asabar. Tambayar Kawu zan rubuta a allo tukuna, in ga wa zai fara ɗaga hannu.