Ƙaramar −1 ɗin da ta cinye wa ɗalibaina maki

Har yanzu raina bai gama hucewa ba a kan tambaya ta biyu ta gwajin lissafin 'yan aji ɗaya. Ni nake yi musu tutoriyal tsakanin La'asar da Magariba, kyauta, kamar yadda na gaba da mu suka yi mana. Tambayar ba wata mai wuya ba ce. An ba su f(x) = 3e²ˣ, aka ce su nemo f⁻¹(x), wato inbas ɗin f, fankshin da ke warware abin da f ta yi ya mayar da kai kan lambar da ka fara da ita. Da takardu suka dawo, fiye da rabin masu zuwa wurina abu ɗaya suka rubuta, 1/(3e²ˣ). Malamin ya ja musu jan biro, ko rabin maki bai bayar ba, kuma ban ga laifinsa ba. Abin da ke ci mini rai shi ne yaran nan sun iya lissafi, wata 'yar alama da ba ta kai ƙwayar gero ba ce ta kayar da su.

Wadda ta fi kowa ƙoƙari a cikinsu ta same ni da takardarta a hannu, idonta ya yi ja. Ta ce, "Malam, don Allah ka faɗa mini, ba x⁻¹ shi ne 1/x ba? Tun ƙaramar sakandare haka aka koya mana. To me ya sa na f zai fita daban?"

Na ce, "Ƙanwata, tambayarki tana kan hanya. Alamar ce iri ɗaya, aikin biyu ne."

Kuma gaskiya an zalunce su. Shekara da shekaru ana sa yaro haddar dokokin indisis har su zauna masa, sannan rana tsaka a ɗora −1 a kan f da wata ma'ana daban, a wuce kamar ba a yi komai ba. Handawut ɗin da suka saya layi ɗaya ya ba wa maganar. Wannan salon rubutu John Herschel, wani masani ɗan Ingila, ya shigo da shi a 1813, kuma yana da dalilinsa, amma dubi yadda yake rikita mai koyo: sin²x na nufin sin x sau sin x, alhali sin⁻¹x ba ya nufin 1/sin x. A littafi ɗaya, wani lokaci a shafi ɗaya. Wanda ba a tsaya an nuna masa ba, ta ina zai sani?

A zama na gaba ban taɓa allo ba. Na ce kowa ya fito da kalkuletarsa, yawanci Casio ce, ya duba maɓallin ln, ya karanta mini ƙaramin rubutun da ke samansa. Suka ce eˣ. Saman log fa? 10ˣ. Saman sin? sin⁻¹. Na ce a danna ln 5. Ya fito 1.6094 da 'yan kai. Na ce a danna SHIFT da ln, a sa amsar nan. Biyar ta dawo. Wani daga baya ya ce, "Kai! Ashe tun tuni tana faɗa mana." Maɓallin x⁻¹ kuwa yana can gefe shi kaɗai, ka ba shi 5 ya ba ka 0.2, babu ruwansa da mayar da kai inda ka fito. Da an yi musu wannan kafin gwaji, minti biyar ya isa, da makin nan yana hannunsu.

Daga nan na tuna musu littafin fo-figa da duk muka yi fama da shi a sakandare, shafin log da shafin antilog. Ka duba log na 2 ka sami 0.3010, ka kai 0.3010 shafin antilog ka dawo kan 2. Ashe fankshin da inbas ɗinsa muke riƙe da su duk shekarun nan, ba wanda ya kira su da sunansu. Shi log tambaya ɗaya yake amsawa: wace pawa za a ɗora wa 10 a sami wannan lamba? Shi ma ln tambayar ke nan, sai dai gindinsa e ne, wato 2.71828 da abin da ya biyo baya. John Napier na Sukotland ya fitar da logaridim a 1614 don sauƙaƙa wa masu lissafin taurari ninkawa da rabawa, Jacob Bernoulli ya ci karo da lambar e a 1683 yana nazarin yadda kuɗi ke ninkuwa, Euler kuma shi ya raɗa mata harafin da muke amfani da shi. Ba na son a cika ɗalibi da tarihi, amma in ya san mutane ne suka ƙirƙiri abin don wata buƙata, tsoron yana raguwa.

Sai muka koma kan tambayar da ta kayar da su. Me f take yi wa x? Ta ninka shi da 2, ta ɗora shi pawa a kan e, ta ninka abin da ya fito da 3. Mai warware rawani daga inda naɗi ya ƙare yake farawa. Don haka a fara raba y, wato abin da f ta fitar, da 3, a ɗauki ln, a raba da 2. Amsa: f⁻¹(x) = ½ ln(x/3). Layi uku.

Abin da na fi matsa musu a kai, har suka fara gajiya da ni, shi ne gwada amsa da lamba kafin a miƙa takarda. f(0) = 3, kowa ya gani. To lallai f⁻¹(3) ya ba da 0. A amsar gaskiya, ½ ln 1 = 0, magana ta ƙare. A amsarsu ta gwaji, 1/(3e⁶) ya ba da wajen 0.0008. Kusa da sifili ne, amma ba sifili ba ne, kuma in ka gwada wata lambar, tazarar sai ta ba ka kunya. Rabin minti ne wannan binciken. Rabin minti, a kan makin da zai iya raba B da C a ƙarshen zango.

Sauran abubuwan ba su ba mu wahala ba. Da suka gane ln mai mayarwa ne, suka gane da kansu dalilin da kalkuleta ke rubuta Math ERROR in ka ba ta ln 0 ko ln(−4): eˣ ba ta taɓa haifar da sifili ko lamba ƙasa da shi, don haka babu inda za a mayar da kai. Zanen giraf na eˣ da ln ma naɗe takarda muka yi a kan layin y = x, ɗigon (0, 1) ya faɗa kan (1, 0).

Wani ya yi tambayar da ba a rasa mai yinta, wai ina amfanin ln a waje da aji. Na kawo masa kwalekwalen Dufuna, wanda wani Bafulatani makiyayi ya tono a 1987 a jihar Yobe ta yanzu yana haƙa rijiya. Da sinadarin kabon-14 aka auna shekarunsa. Rabin wannan sinadari yana ƙarewa duk shekara 5,730, kuma raguwarsa tana bin e ne. Lissafin gaba yana cewa, ba ni shekaru in faɗa maka abin da ya saura. Mai bincike kuwa saura yake da shi a hannu, shekarun yake nema, dole ya juya fankshin ɗin. Na ce mu ƙaddara kashi 38 cikin ɗari ya rage a itacen. A raba 5,730 da ln 2, a sami wajen 8,267. ln 0.38 kuma −0.9676 ne. A ninka, a cire alamar ragi, ga shekara kusan 8,000, daidai da abin da masana suka ƙiyasta wa kwalekwalen. Na sa su gwada da 1/f su ga ko za ta ba su shekarun wani abu. Ba ta ba su komai ba.

Makin gwajin dai ya tafi, malamin ya riga ya shigar da shi. Jarrabawar ƙarshen zango ce ta rage musu. Ga 'yan aji ɗaya masu shigowa kuma, na riga na gaya wa wanda zai gaje ni a tutoriyal cewa ranar da zai fara inbas, kada ya rubuta f⁻¹ a allo sai kowa ya danna x⁻¹ da SHIFT ln da hannunsa ya ga amsa biyu daban.