Dutsen da Ke Shan Turare

Shagona ɗan ƙarami ne a cikin Kasuwar Kurmi. Zobba nake sayarwa da awarwaro da 'yan kunne, wasu in saro su a ƙere, wasu kuma in sayi dutsen in kai wa maƙerin fari ya ɗaure min shi da azurfa. Cikin duwatsun, akik ya fi tafiya, musamman wajen maza, amma shuɗin dutsen nan da ake kira fairuz ne ya fi jawo min surutu.

Kwanaki wata Hajiya da muka daɗe muna ciniki ta shigo, ko zama ba ta yi ba ta zazzago sarƙar fairuz daga jaka.

"Alhaji, duba min abin nan. Shuɗi na saya tas, ga shi ya koma kore. Ƙanwata ta ce baki ne aka yi min, dutsen ya tare."

Na karɓa na kai hanci. Humra ce zalla.

"Hajiya, bayan kin saka sarƙar kike shafa turare?"

"To da a ina ake shafawa in ba a wuya ba?"

Ban yi mata dariya ba, domin maganar ƙanwarta ba yau aka fara ta ba. Tun zamanin da, Farisawa da Turkawa suna cewa fairuz na kare mutum daga kambun baka, yana tsare mahayi daga faɗuwa a kan doki, kuma yana sauya launi in mai shi ya kamu da ciwo. Har yanzu akan zo min da cewa yana ƙara ƙarfin gani ko ya kwantar da hawan jini. Babu binciken likitoci da ya tabbatar da ko ɗaya. Ni kayan ado nake sayarwa. Wanda ya ce min don magani yake so, nakan ce ya tafi asibiti, waraka kuma ta Allah ce. Na sha rasa ciniki a kan wannan, ban kuma ji ciwo ba.

Sauyin launin dai gaskiya ne, dalilinsa ne mutane ba su sani ba. Fairuz dutse ne mai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, yana tsotse mai da gumi da sabulu kamar yadda sabuwar randa ke shan ruwa. Jan ƙarfen da ke cikinsa ne ke ba shi shuɗi, wanda kuma baƙin ƙarfe ya yi wa yawa tun a rami yakan fito kore. In ya sha turare mai maiƙo, shuɗin ya dushe ke nan, kuma ba ya dawowa da wanki. Ga mu a Kano: humra, turaren wuta, sannan hunturu ya zo a lafta basilin. Shi ya sa nake gaya wa mata fairuz ne ƙarshen sakawa, farkon cirewa. Maza kuma su zare zoben kafin wanke hannu da sabulu bayan tuwo.

Fairuz ba shi da tauri sosai. A ma'aunin taurin duwatsu da ke ƙarewa a 10, yana tsakanin 5 da 6, akik kuwa na kusan 7. Don haka in aka zuba su gwangwani ɗaya, akik zai karce shi. Ko ƙurar hunturu tana da yashi a ciki, sai a hure ta tukuna, sannan a goge da tsumma mai laushi, a naɗe shi shi kaɗai nesa da rana.

Sunan fairuz daga Farisanci Larabawa suka ɗauko, ma'anarsa nasara. Wanda ya fi suna shi ne na Naisabur a Iran, garin Imam Muslim, inda aka yi ɗaruruwan shekaru ana haƙarsa. Fir'aunonin Masar daga Sina'i suke samo nasu, a yau kuma Sin da Amurka suna fitar da shi da yawa.

Sai dai mafi yawan abin da ke yawo da sunan fairuz ba shi ba ne. Ni ma an taɓa yi min sakiya a farkon sana'a. Wani dillali ya kawo min carbi biyar, shuɗinsu har ɗaukar ido yake, kuɗin kuma kamar kyauta. Araha ba ta ado, amma na rufe ido na biya. Da dare na leƙa ramin zaren da fitila, sai ga fari fat a ciki. Farin dutse ne aka rina. Tun daga nan ba na rabuwa da auduga da ruwan goge jan farce: in na dangwala a bayan dutse audugar ta yi shuɗi, magana ta ƙare. Na roba kuma, allura mai zafi ke tona masa asiri da ƙauri. Akwai na gaske da ake shayar da shi wani irin danƙo don ya yi ƙarfi. Wannan ba laifi ba ne, in dai an faɗa wa mai saye kuma an rage masa kuɗi.

Hajiya dai ta ƙi a canja mata duwatsun. Ta ce koren ma ya shiga da wani leshinta, ta sayi 'yan kunne ta tafi da ƙamshinta.