Tsohon ɗan caca a jirgin ƙasa

Yau na kai rediyon mota gyara, mai gyaran wani dattijo ne, yana gwada wani tsohon kaset sai ga muryar mawaƙin Amurka Kenny Rogers a waƙarsa The Gambler, wato ɗan caca, wallahi sai da na jawo benci na zauna. Baba ba wani turanci yake ji sosai ba amma ana zuwa amshi ya ajiye sukudireba yana bi yana kaɗa kai, wai tun zamanin Shagari suke jinta. Kuma labarin fa ba yawa, mutum biyu a jirgin ƙasa cikin dare, tsohon ɗan caca ya roƙi kurɓin giya da taba, ya biya da shawara cewa mutum ya san lokacin riƙe kati da lokacin tashi ya bar wajen, daga nan ya kwanta barci bai farka ba. Shi ke nan.

Wani matashi Don Schlitz ne ya rubuta ta a 1976 yana aikin kwamfuta na dare a birnin Nashville na Amurka, har shahararren mawaƙi Johnny Cash ya rera amma ba ta tashi ba sai da ta faɗo bakin Kenny a 1978, ya ci lambar yabon waƙa ta Grammy da ita, aka yi ta fina-finan talabijin a kanta, sunan ya bi shi har ya rasu a 2020. Ni dai mamakina yadda yaro ɗan shekara 23 ya sa magana a bakin tsoho mai jiran mutuwa har dattawa suka yarda da shi.