Daga Nima zuwa Kef Kos: cocin da ke bisa kurkukun bayi

Mun bar Nima, unguwarmu a birnin Akra, bayan sallar Asuba, mu huɗu: ni, wani malamin makarantar allo, wani ɗalibin jami'a, da wani ticha mai ritaya, ɗan Katolika daga Arewacin Ghana, wanda ya daɗe a unguwar har Hausa ta zauna a bakinsa. Gardama ce ta fitar da mu. An kwana biyu ana ta yi a teburin mai shayi: shin addinin Kirista ne ke da alhakin cinikin bayi da sauran ta'asar Turawa, ko mutane ne suka yi son ransu suka fake da addini? Ticha ya ce maimakon a yi ta musu a zaune, a je tsofaffin sansanonin cinikin bayi na Kef Kos da Elmina a gani da ido.

Motar Kef Kos a tashar Kaneshi ake shiga, kuma ba ta tashi sai ta cika. Tafiyar kusan kilomita 150 ce, awa uku idan hanya ta yi kyau. Abin da ke ɓata lissafi shi ne cunkoson Kasowa, garin da sunansa ya samo asali daga kalmarmu ta kasuwa. Wanda ya bari rana ta ɗaga zai iya ƙara awa guda a wurin. Daga nan sai mararrabar Winneba, Mankesim, Anomabo, Yamoransa inda mata ke jera dokunun Fante (tuwon masara naɗe a ganye) a bakin titi. A tafi da katin ɗan ƙasa, don kuɗin shigar ɗan Ghana bai kai na baƙo ba. A sa takalmi mai kama ƙasa, saboda gangaren shiga kurkukun maza yana da santsi, ga duhu.

'Yan Suwidin ne suka fara ginin sansanin Kef Kos a 1653, Ingilishi suka ƙwace shi a 1664. Ba a shiga kai tsaye, sai an tara mutane jagora ya shige gaba. Kurkukun maza ɗakuna biyar ne a ƙarƙashin ƙasa, iska da haske ba sa shigowa sai ta 'yan ƙananan tagogi can sama. Jagoran ya ce akan cusa maza har dubu a ciki. Ya nuna mana daɓen da muke takawa, ya ce ba bulo zalla ba ne, ƙazantar mutane ce ta daskare a kai shekara da shekaru. Akwai ɗan kwalbati a tsakiya, shi ne makewayin kowa.

Da muka fito sai ya nuna mana ɗakin da ke daidai saman kurkukun. Nan ne cocin sansanin. Malam ya dubi Ticha ya ce, "To Ticha, ga shi. Suna waƙa a sama, mutane na mutuwa a ƙarƙashin ƙafarsu. Me ya rage a faɗa?"

Ticha bai musa ba, har ma ya ƙara masa. Ya ce tun a 1452 da 1455 Fafaroma Nikolas na Biyar ya ba sarkin Fotugal takardun izinin yaƙar Musulmi da masu addinin gargajiya da bautar da su har abada. Wannan ba aikin wani ɗan kasuwa ba ne, hukuncin shugaban coci ne. Ɗalibin ya kawo nasa: ƙungiyar mishan ta cocin Ingila da ta turo limamai nan tana da gonar rake a Babados, inda ake yi wa bayi tambarin ƙungiyar da ƙarfe mai zafi a ƙirji. Limaminta na farko a Kef Kos, Thomas Thompson, da ya iso a 1752, ya koma gida ya rubuta ƙasida a 1772 yana cewa cinikin bai saɓa wa addini ba.

A tsakar sansanin akwai kaburbura, ɗaya na Philip Quaque ne, ɗan garin, baƙar fata na farko da cocin Ingila ta naɗa limami a 1765. Ya yi kusan shekara hamsin yana limanci a wannan ɗakin na sama har ya rasu a 1816, kuma kamfanin da ke kula da cinikin yana cikin masu biyansa albashi. A ganina kabarin nan ya fi ɗakin cocin bayyana yadda abin yake. Cocin sansani ba ita ke sayen bayi ba, amma ƙarƙashin inuwar masu saye take ci take sha, kuma bakin da ya ci shi ke jin kunya.

Sai Ticha ya juya maganar. Ya ce ta wannan kurkukun aka bi da wani yaro ɗan Ajumako, Ottobah Cugoano, wajen 1770. Ya samu 'yanci a Ingila, ya zama Kirista, a 1787 ya wallafa littafi yana kafa hujja da Baibul cewa a rushe bautar gaba ɗaya. 'Yan ɗarikar Kweka ta Kirista ne suka fara hana mabiyansu mallakar bayi, su ne kuma mafi yawa a kwamitin da aka kafa a Landan a 1787 don yaƙar cinikin, har majalisar Birtaniya ta haramta shi a 1807. "Malam," in ji shi, "littafi ɗaya ne a hannun Thompson da hannun Cugoano. Wanne daga cikinsu ne addinin?"

Malam ya ce ai an yi shekara ɗari uku da ɗoriya kafin a farga. Wannan ma gaskiya ne.

Elmina ba ta da nisa, kilomita goma sha wani abu, tasi ake shiga. Fotugal ta gina sansanin garin a 1482, da farko don zinariya. A tsakar gidan akwai cocin Katolika. Da 'yan Holan, waɗanda Furotesta ne, suka ci wurin a 1637 bayan sun girke igwa a tudun da ke fuskantarsa, sai suka mayar da cocin ɗakin ciniki, suka yi tasu a bene, suka rubuta ayar Zabura ta 132 a bango. A lokacin Turai kanta tana cikin yaƙin shekara talatin, 1618 zuwa 1648, wanda ya faro daga rikicin Katolika da Furotesta. Amma a cikin yaƙin nan Faransa mai bin Katolika ta mara wa Furotesta baya don karya gidan sarautar Habsbag. Wato ko a inda aka ɗaga tutar addini, mulki da dukiya ne ke riƙe da linzami sau da yawa. A nan Elmina ma wani limami baƙar fata, Jacobus Capitein, wanda shi kansa an sayar da shi yana yaro, ya zauna. A 1742 ya kare rubutunsa a jami'ar Laidin cewa bauta ba ta ci karo da 'yancin Kirista ba.

Abin da na lura da shi a gardamar tamu, kalma ɗaya ce ke rikita ta: Nasara. Da ita muke kiran Bature, da ita muke kiran Kirista. Idan aka ce Nasara sun yi, ba a san ko kamfani ake nufi ba, ko sarki, ko Fafaroma, ko Ticha da ke zaune kusa da kai wanda kakanninsa na cikin waɗanda ake kamawa. Idan aka rarrabe, lissafin yana fita. Kamfanoni da masarautu su suka yi jigilar mutum sama da miliyan 12 zuwa ƙetaren Atilantika, fiye da miliyan ɗaya daga wannan gaɓar. Hukumomin coci sun ba da izini, sun ci riba, sun yi shiru, kuma wannan laifi ne da ke wuyansu. Su ma sun amsa: Fafaroma John Paul na Biyu ya nemi gafara a tsibirin Gore na Senegal a 1992, cocin Ingila ta ba da haƙuri a 2006, a 2023 ta ware fam miliyan 100 kan lamarin. Cewa kuwa koyarwar ita kaɗai ta haifi cinikin, wannan bai tsaya ba, don an yi bauta a Rum kafin Annabi Isa, an yi a wuraren da ba a taɓa ganin coci ba.

Nan ɗalibin ya taɓo inda ke mana ciwo. Ya tambayi Malam ta ina bayin suke isowa bakin teku. Daga Arewa ake gangaro da da yawansu, ta ƙasar Asante, a tsaya da su a rafin Asin Manso su yi wankan ƙarshe. Kasuwar Salaga, inda kakanninmu fatake ke zuwa sayen goro, kasuwar bayi ce kuma. Babatu, jagoran mayaƙan Zabarmawa da ya addabi ƙasar Gurunsi a shekarun 1880 zuwa 1890, Musulmi ne. Malam ya yi shiru, can ya ce ai wannan zaluncin mutane ne, ba a ɗora wa Musulunci. Ticha ya yi dariya ya ce, "Allah gafarta Malam, mudun da ka auna naka da shi, ara mini."

Mun yi Azahar da La'asar a zongon Kef Kos, wajen kasuwar Kotokuraba, muka kama hanya da ƙarfe huɗu. Kuskure ne, don mun faɗa cunkoson yamma a Kasowa, ba mu shiga Nima ba sai bayan Isha'i. Wanda zai haɗa wuraren biyu a yini guda ya fara da Elmina da hantsi, ya baro Kef Kos kafin biyu. A cikin cunkoson ne Malam da kansa ya ce tafiya ta gaba Salaga za a yi. Ta Kumasi za mu bi zuwa Yeji, a haye tafkin Bolta da jirgin fito zuwa Makango, amma sai an fara tambayar lokacin tashin jirgin, don wanda ya rasa shi a Yeji zai kwana.