Ƙauyuka uku, ciyaman ɗaya ya gagara

Jiya da daddare na dawo daga mitin ɗin kachala raina a ɓace, wallahi ko tuwo ban iya ci ba. Wanda ba ɗan ƙasar Haɗeja ba ƙila bai san kachala ba, wata doguwar ciyawa ce da ta cinye mana kogi, ta toshe hanyar ruwa, damina ta zo ruwa ya rasa inda zai bi sai cikin gonakinmu, ga tsuntsayen jan-baki sun samu wajen kwana a cikinta, asuba na yi su sauka kan shinkafa. Ƙauyuka uku ne muke kan rafi ɗaya, aka ce mu haɗu mu yi ƙungiya, kowa ya kawo lauje da kwalekwale, a yi karo-karo a sayi fetur. Babu wanda ya ce a'a. Sai da aka zo wa zai zama ciyaman. Na gabas suka ce ai su ne tsohon gari, na yamma suka ce sun fi kowa yawan gonaki, mu na tsakiya muka ce toh a ba mu ma'aji, nan ma aka ce ba a yarda ba. Haka aka watse ko addu'a ba a shafa ba.

Na tarar da Kawu a zaure yana gyaran fatsa, na zazzage masa komai. Dariya kawai ya yi, ya ce ɗan nan, ƙauye uku ne ya hana ka cin tuwo? Ita wannan Haɗejar da kake gani ai da sarautu bakwai ne, kowa da sarkinsa da tambarinsa. Ya shiga lissafo min da yatsu, Auyo, Garun Gabas, Gatarwa, Kazura, Fagi, Dawa, da ita Haɗeja kanta, dukkansu suna kai gaisuwa Barno ta hannun Galadima da ke Nguru. Sai bayan jihadi, wajen 1808, Sambo ya haɗe su ƙarƙashin sarauta ɗaya.

Na kwanta ina ta juya maganar. Mu a makaranta Hausa Bakwai kawai aka haddace mana kamar wasu ƴan uwa masu zumunci, alhali Kano da Katsina sun daɗe suna gwabzawa, Gobir ma ba ta bar maƙwabta sun huta ba. Harshe ɗaya, fatake na kai da komo, ana auren juna, amma duk wannan bai haɗa su ba. Abin da ya haɗa su a 1804 ɓacin rai ne iri ɗaya, makiyayi na kuka da jangali, talaka na kuka da ƙwace da haraji, malamai na kuka da fada, sai Shehu Usmanu ya zo da magana ɗaya da kowa ya ji tasa a ciki, ya kuma raba tutoci. Kano ta faɗi a 1807, Alkalawa a 1808. Shekara huɗu kacal.

Toh amma ni inda hankalina ya tsaya shine bayan an ci. Domin dai waɗanda aka kora ba ɓacewa suka yi ba, Katsinawa suka koma Maraɗi, Gobirawa Tsibiri, na Zazzau suka gangara kudu suka kafa Abuja wadda yanzu ake kira Suleja, suka yi ta kawo hari shekara da shekaru. Gumel da ke nan kusa da mu ma ba ta taɓa shiga ba, tana wajen Barno abinta. Wannan na waje kenan, kuma a ganina ba su ne suka fi ba daular Sakkwato wahala ba. Na cikin gida ne. Ɗan Tunku na Kazaure ya yi jihadi tare da kowa, amma da Ibrahim Dabo ya hau gadon Kano a 1819 ya ce shi ba zai bi ba, aka yi ta yaƙi har dai Sarkin Musulmi Bello ya raba gardama, Kazaure ta tsaya da ƙafarta. Mu kuma namu Buhari ne, ɗan shi Sambon da ya haɗe ƙasar, ya kashe ɗan uwansa Sarkin Auyo, Sakkwato ta tuɓe shi ta naɗa Ahmadu, shi ma ɗan Sambo, Buhari ya dawo ya ƙwace kujerarsa da ƙarfi, aka turo runduna ya kora ta, bai sake bin kowa ba har ya rasu a 1863. Har yau in tsofaffinmu na ba da labarinsa sai ka ji wani alfahari a muryarsu, duk da kakannin wasunsu ne ya ƙone wa gari, ni wannan abin yana ɗaure min kai.

Basasar Kano ma haka, 1893 Sarkin Kano Bello ya rasu, Sakkwato ta naɗa ɗansa Tukur, ɗan uwansa Yusufu da mutanensa suka fice zuwa Takai, jikokin Dabo ne duka, ba wani baƙo a ciki. Kafin a gama farfaɗowa Turawa sun iso ƙofar Kano a 1903.

Da safe na ce Kawu, to mu wa zai zame mana Sarkin Musulmi ya raba gardamar? Ya ce ku je wajen hakimi mana. Na ce ai hakimin ma matarsa ƴar gabas ce, na yamma sun riga sun faɗa. Ya ci gaba da ɗaura ƙugiyarsa bai ce komai ba.

An sa wani mitin ɗin ran Asabar bayan la'asar, a kan gada za a yi, tunda babu ƙauyen da ya yarda ya taka zuwa na wani. Ɗazu na leƙa gonata ta bakin rafi, ruwa ya shanye kunya biyu.